Dokar Tarayyar Turai kan tsaron na'urori: me take nema daga masu ƙera cif?

Idan manhaja ta zo da kuskure, sai kamfani ya turo gyara ta intanet, a wayi gari an toshe kafar. Cif, wato ɗan guntun silikon nan da ke yi wa na'ura lissafi, ba haka yake ba. Abin da aka zana a cikinsa ya zauna ke nan. An ga haka a Janairun 2018 da aka bankaɗo ɓarakar Spectre da Meltdown: don ya yi sauri, cif yakan yi hasashen aikin da ke tafe ya fara tun kafin a umarce shi, kuma wannan gaggawar tana barin sawun da mai kutse zai bi ya karanto sirri. Dole aka koma yin faci ta manhaja, facin kuma ya rage wa na'urori da yawa sauri.

Irin wannan na cikin abin da dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/2847, wadda aka fi sani da CRA (Cyber Resilience Act), wato dokar kare na'urori da manhajoji daga kutse, ta zo ta taɓa. Ta fara aiki ranar 10 ga Disamba, 2024, amma galibin sharuɗɗanta sai 11 ga Disamba, 2027 za su hau kan kamfanoni. Ba ruwanta da ƙasar da aka ƙera kaya. Muddin za a sayar a kasuwar Turai, ta shafe shi, ko da kuwa cif ne tsurarsa da ba a riga an saka a wata na'ura ba.

Ba duk cif ta yi wa kuɗin goro ba. Na gama-gari, kamfani ne zai binciki kansa ya manna tambarin CE, alamar cewa kayan ya cika sharuɗɗan Tarayyar. Wanda ke da aikin tsaro a cikinsa yana mataki na gaba, inda binciken kai ba ya wadatarwa sai an bi ƙa'idojin da Tarayyar ta amince da su. Wanda kuwa aka ƙera musamman don kada a iya farke shi a yi masa kutse, tilas wata hukuma mai zaman kanta ta duba shi.

Sharaɗin da na fi ganin nauyinsa shi ne na kayan aro. A yau da wuya ka sami kamfanin da ya zana cif shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Wani sashe an sayo lasisinsa daga kamfani irin Arm, wani daga wani wuri, sannan a aika zanen masana'anta, sau da yawa a Taiwan. Kowane hannu da zanen ya ratsa dama ce ta cusa 'yar da'ira ɓoyayya mai jiran ranar da za a tashe ta. Dokar ta ce wanda sunansa ke jikin kaya shi ke da alhakin tantance abin da ya ɗauko daga wasu. Ba zai ce ai ba ni na zana wannan ɓangaren ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa lamarin zafi. A farkon 2024 masu bincike na kamfanin tsaron intanet Trail of Bits suka nuna wata kafa, LeftoverLocals, a wasu cif na sarrafa hotuna (GPU) na Apple da AMD da Qualcomm, inda wata manhaja ke iya tsintar ragowar bayanan da wata ta bari, har ta karanto amsar da basirar ke bai wa wani mutum daban.

Daga 11 ga Satumba, 2026, kamfanin da ya gano masu kutse na amfani da wata kafa a kayansa yana da awa 24 ya sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasar da abin ya shafa da kuma ENISA, hukumar tsaron intanet ta Tarayyar, sannan ƙarin bayani cikin awa 72. Tarar karya manyan sharuɗɗan na iya kaiwa yuro miliyan 15 ko kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin kamfanin na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa.

Akwai kuma wajibcin ci gaba da toshe kafofi na aƙalla shekara biyar, sai dai in kayan ba zai kai haka ana amfani da shi ba. Ga mai manhaja wannan aikin yau da gobe ne. Mai cif kuwa, in bai bar wa kansa hanyar turo gyara tun a zane ba, abin da ya rage masa shi ne ya kashe sashen da ke da matsala ko ya janye kayan daga kasuwa.