Ɗinkin kayan barka a gida: abin da jikin jariri yake so

Duk wadda ta shiga kasuwa neman kayan barka a 'yan shekarun nan ta san inda farashi ya kai. Saitin riga da wando da hula na kanti, wanda jariri ba zai yi wata biyu yana sawa ba, sai ya lashe kuɗin cefanen kwanaki. Shi ya sa mata da yawa suka koma ga allura da zare, har da 'yan matan da suka fara koyon keke suna neman abin da za su gwada hannu a kai. Ni dai ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai mu ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, mu ke tuɓe wa jarirai kaya ranar awo da rigakafi, muna ganin abin da tufafi ke yi wa fatarsu: wuya ya yi jawur inda leshi ya goga, cinya ta yi zobe inda roba ta kama, ƙurajen zafi sun feso a baya saboda yadi mai santsi da ba ya shan gumi. Yawancin kayan nan da ƙauna aka kawo su. Kwalliyar ce ta yi yawa.

Tun daga yadi ake gyara ko a ɓata. Auduga zalla za ki nema, mai laushi. Ko a Kantin Kwari kika saya, kada ki tsaya ga abin da aka rubuta a bakin yadin, domin mai haɗin roba ya cika kasuwa. Ki yanki ɗan ƙyalle ki sa masa ashana a waje, kusa da ruwa. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murtsuke da yatsa. Mai roba kuwa sai ya narke, ya dunƙule ya yi tauri, ya yi warin leda. Wanda ya narke ki bar shi ga labule.

Sabuwar atamfa ma ba a ɗora ta kan jariri daga turmi. Tana da sitati, wata kuma tana zuba. A wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya daina canza launi, kuma tun kafin a yanka, saboda auduga takan tsuke a wankin farko. Gaskiyar magana, tsohon zanen uwa da ya sha wanki ya fi sabuwar atamfa daɗi a jikin jariri, in dai an wanke shi tas an goge. Kunyar kai wa mai jego tsohon abu ce ke hana mu, kuma na san da hakan. To a yi sabo na kai wa gidan suna, a ajiye tsohon don ɗinkin cikin gida.

Mai koyo ta fara da mayafin naɗe jariri, don babu abin da ya fi shi sauƙi. Yadi ɗaya tsawo, yadi ɗaya faɗi, wato inci 36 ta kowane ɓangare. Ki naɗe bakin sau biyu, ki bi da dutsen guga, ki kalmashe. Ko babu keke, ɗinkin hannu ya isa. Guda uku ko huɗu na wannan sun fi bargon kanti mai gashi amfani, domin ana wankewa ya bushe kafin la'asar. In za a naɗe jariri da shi, a bar wa ƙafafu wurin motsi, kada a miƙe su a ɗaure tamau, yin haka na iya taɓa gaɓar ƙugu. A kuma daina naɗewa da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa da kansa.

Ragowar ƙyallen ba na zubarwa ba ne. Ki yanki biyu, inci 10 da inci 18, ɗaya auduga ɗaya tsohon tawul, ki haɗa su fuska da fuska, ki ɗinke ki bar 'yar kafa, ki juyo ciki waje ki rufe kafar. Kin sami abin ɗorawa a kafaɗa don tumbuɗi. Mai jego za ta fi gode miki kan rabin dozin na wannan fiye da rigar ado guda. Masu yin na ɗaurawa a wuya don tare dalala, su guji igiya. A sa ɗan manne mai kamawa da kansa, wanda zai buɗe in an ja, kuma a cire shi kafin barci.

Nafkin na ƙyalle, ga gidan da famfas ya gagara kullum, murabba'i ne na inci 24 zuwa 27 daga tawul mara kauri. Abin lura ɗaya ne: a kwanakin farko a naɗe gabansa ya tsaya ƙasa da cibiya, don ta sha iska kuma fitsari bai taɓa ta ba. Kuma don Allah kada kowa ta ɗinka ɗamarar ɗaure cibiya da sunan kyauta. Cibiya ba ta son rufi, ba ta son gashi da tsumma, ba ta son man goge baki ko toka. Maganin shafawa na kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti shi ake sawa, yadda aka nuna, a kiyaye shi daga ido, ita kuma za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Hula tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarta. Kan jariri babba ne in aka kwatanta da jikinsa, kuma ta nan zafin jiki ke saurin fita, musamman ga wanda aka haifa da hunturu. Zagayen kan sabon haihuwa kusan inci 14 ne. Ki sami tsohuwar riga mai talewa ta auduga, ki yanki inci 14 ta ɓangaren da yake talewa, inci 12 ta ɗaya ɓangaren. Ki haɗa gefe da gefe ya zama bututu, ki ninka shi biyu ɗinkin ya shige ciki, ki tattare saman ki ɗinke da ƙarfi. Babu igiyar haɓa, babu fure. Amma a yi hankali da lokaci. A zafin Maris da Afrilu, jariri lafiyayye a cikin ɗaki ba ya bukatar hular ulu da safa da bargo. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce ya fi babba da tufa ɗaya ko biyu. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in kin ji gumi a rage kaya.

Safa da safar hannu kuwa, ko ke kika yi ko saya kika yi, ki juya su ciki waje ki duba. Sau da yawa za ki ga zaruruwa suna reto a ciki. Zare ɗaya, ko silin gashin uwa, kan naɗe ɗan yatsa ya shige cikin nama har jini ya daina zuwa. Yaro ya yi ta tsala kuka, a ce ciwon ciki ne, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe, alhali matsalar tana cikin safa. Duk jaririn da ya ƙi yin shiru, a tuɓe shi a duba yatsun hannu da na ƙafa da gabansa. In an ga yatsa ya kumbura ya canza launi kuma zaren ya nutse, a garzaya asibiti, kada a sa reza.

Akwai kyautar da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce ta gidan da aka haifi bakwaini ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Irin waɗannan sanyi ne babban abokin gabarsu. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya ga kwalaben ɗumama jarirai sun yi kaɗan, sai ya fara sa iyaye mata su rungume 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. Shi ne goyon kangaru. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa, a riƙa yi na awa 8 zuwa 24 a rana. Mu da muka gaji goyo, abin da ya canza kawai shi ne daga baya an dawo gaba. Abin da za ki ɗinka shi ne ƙyalle mai laushi kusan mita ɗaya ta kowane ɓangare, wanda za a ninka daga kusurwa zuwa kusurwa a ɗaure, ko majanyi mai faɗi, sai riga mai yalwa mai buɗaɗɗen gaba wadda uwa za ta sa a sama. Jariri ya kasance a tsaye tsakanin nonuwa, daga shi sai nafkin da hula da safa, kansa a juye gefe ɗaya, ƙafafu a tanƙwashe kamar na kwaɗo, bakin ƙyallen ya tsaya daidai ƙasan kunnensa don hanci da baki su kasance a fili. In uwa za ta yi wanka ko ta huta, uba ko kaka ko goggo su karɓa. Ki yi rigar da faɗin da za ta shigi kowa.

Ga abin da nake roƙon a bari: maɓalli, duwatsu, tsakiya, ƙyalƙyali da idon 'yar tsana na roba. Tun daga wata huɗu zuwa biyar komai baki yake zuwa, kuma abin da aka manna da gam ko aka kama da zare biyu zai fita. In ana son ado, a yi shi da zare a jikin yadin, ko a haɗa ƙyalle launi biyu. 'Yar tsana ko ƙwallon ƙyalle, a yi mata ido da baki da zare, a cusa mata tsumma mai tsabta, ba wake ko tsakuwa ko gero ba, a bi ɗinkin sau biyu. Ƙaramin filo mai rubutun suna ya zama yayi a gidajen suna, yana kuma da kyau a hoto, amma jaririn da bai shekara ba ba ya kwana da filo ko 'yar tsana. A kwantar da shi rigingine kan shimfiɗa mai ɗan tauri, cikin gidan sauro, babu komai kusa da fuskarsa.

Bayan an gama ɗinki, a wanke da sabulu mara ƙamshi mai ƙarfi, a ɗauraye sosai, a shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba, a goge ciki da waje. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi maruru, zafin dutsen guga ne ke kashe ƙwan.

Wajen ajiya ne mata da yawa ke yin kuskuren da ya fi duka haɗari, wato jefa ƙwayoyin kafur cikin akwatin kayan jariri don ƙwari da ƙamshi. Fararen ƙwayoyin nan na kasuwa galibi sinadarin naftalin ne. Akwai jarirai da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, abin ya yawaita a Najeriya da sauran Afirka ta Yamma, ya kuma fi kama maza. Ba a gane su da ido. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ko ya sa kayan da suka kwana da shi, jajayen ƙwayoyin jininsa kan farfashe, shawara mai tsanani ta taso, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa ko ji. Kayan da aka gada daga yayye, in sun daɗe cikin kafur, a wanke su sau da yawa a shanya har warin ya tafi gaba ɗaya, in ya ƙi tafiya a haƙura da su. A ajiye kaya a jaka mai tsabta mai rufi kawai. In kuwa aka ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, musamman a ranar farko, ko ya cika barci ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganin wannan.