"Na nawa ka zo?": abin da doka ta tanada kan auna karatun yara a makarantun gwamnati

Ranar da aka ba da hutu, tambaya ɗaya ce ke jiran yaro a zaure: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a shafa kansa. In ya ce na arba'in da biyu, Baba ya ninke takardar ya tura aljihu, magana ta ƙare. Haka ake yi a Ƙofar Marusa, haka ake yi a Daura. Sai dai lambar nan ba ta faɗin ko yaron ya ƙaru a wannan zangon, ita dai ta jera shi ne tsakanin 'yan ajinsu. Tsarin ilimin ƙasar nan kuwa ya nemi makaranta ta auna fiye da haka.

Takardu biyu ne ke riƙe da maganar. Ta farko doka ce: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Ita ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ita ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ta kuma tanadi takwararta SUBEB a jiha da hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma, wato 34 a jihar Katsina. Tana da hukunci: uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta za a fara yi masa gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, ko duka biyun. Amma dokar ba ta zayyana abin da ɗan aji uku ya kamata ya iya ba. Wannan ta bar wa UBEC, da umarnin ta fitar da mafi ƙarancin matakin da za a yarda da shi, ta kuma sa ido a kai.

Ta biyu ita ce Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, aka kuma yi ta yi mata gyara daga baya. Manufa ce, ba a kai mutum kotu don ya saɓa mata, amma ita ma'aikatun ilimi ke bi. Ita ta kawo gwajin yau da gobe, wanda malamai da ɗalibai ke kira si'e. Nufinsa kada a rataya makomar yaro a kan jarrabawar kwana ɗaya. Tes, aikin aji, aikin gida, duk a riƙa rubutawa tun daga farkon zango, a haɗa da lura da ɗabi'ar yaro da abin da hannunsa ya iya. Shi ya sa katin sakamako ke da gurbin tsabta da zuwa kan lokaci da rubutun hannu, gurbin da ba kasafai iyaye ke duba shi ba. Wasu makarantun maki 40 suke ware wa si'e su bar wa jarrabawa 60, wasu 30 da 70. Manufar ta ma ce takardar shaidar gama firamare a kan wannan gwajin za a gina ta, hedimasta kuma shi zai bayar. Babbar jarrabawar waje sai a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, wadda jiha ke shirya wa makarantunta, NECO kuma ta shirya wa makarantun tarayya.

Abu biyu ne ake iya aunawa, kuma mu kan cakuɗa su. Akwai inda yaro ya kai yau, akwai kuma tafiyar da ya yi kafin ya iso wurin. A ɗauka yara biyu ne a aji huɗu. Yarinyar ta shigo da maki 30 a lissafi, ta gama shekara da 55. Yaron ya shigo da 80, ya fita da 78. A katin sakamako shi ne gwani, shi za a saya wa sabon takalmi. Amma ita ce shekarar ta amfana. Shi kuwa wata tara ya yi a tsaye wuri guda, babu wanda ya lura, don matsayinsa a aji bai faɗi ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malamin allo ba ya jera almajirai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ya san inda kowa ya tsaya jiya, ba ya barin ka wanke allo sai ka biya masa ya gamsu, kuma in an tambaye shi izu nawa wane ya yi bana, ba sai ya buɗe littafi ba. Abin da si'e ya so ya kawo cikin boko ke nan, a rubuce.

Ya kawo? Ni dai a ganina rabi da rabi. Manufar ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a cikin gari ya ga ajin da ya ninka haka. Malamar da ke fama da yara kusan ɗari ba za ta iya duba littafin kowa duk mako ba, sai si'e ya koma tes biyu da ake yi gab da jarrabawa don a cike gurbi. Akwai kuma matsalar da ba laifin kowa ba ce: maki 60 na Malam wane ba daidai yake da 60 na makarantar da ke tsallaken titi ba, tunda kowa shi ke tsara tambayoyinsa. Don haka sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ba zai iya tara katuttukan makarantunsa ya ce wannan ta fi waccan koyarwa ba.

Wasu ƙasashen sun sha wannan gardamar. A Amurka dokar da aka sa wa hannu a 2002 ta tilasta gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa 8, aka riƙa tuhumar makarantar da 'ya'yanta ba su kai layin da aka ja ba. Makarantun unguwannin talakawa suka yi ta shan duka, ko da yaransu na ƙaruwa. Dokar da ta maye gurbinta a 2015 ta sakar wa jihohi mara su sa ƙaruwar yaro cikin lissafi. Ingila ma a 2016 ta fara auna sakandare da nisan da ɗalibi ya yi daga inda ya baro firamare. A nan UBEC kan yi gwajin ƙasa lokaci zuwa lokaci, amma samfurin makarantu take ɗauka, ba ta bin ɗanka daga bara zuwa bana.

Wannan bibiyar ta rage ga aji da gida. Uba ko uwa na iya zuwa su ce, "Malama, don Allah a nuna mana makin si'e na zangon farko da na yanzu," kuma kwamitin kula da makaranta na unguwa wuri ne da ya dace a ta da maganar in an ga gurbin ba kowa. Kada katin bara ya tafi wajen mai ƙosai, a ajiye shi kusa da na bana. Akwai kuma gwajin da masu binciken karatun ƙananan yara ke yi, wanda ba ya cin ko kwabo: a ba yaro gajeren labari da Hausa, a duba agogo, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti 1. A rubuta adadin da kwanan wata a bayan littafinsa, bayan wata uku a ba shi wani labarin mai kama da shi a sake ƙirgawa.