Waiwaye: Jirgin ƙasan filin jirgin saman Abuja da tsohon dogon Nguru

Ranar 12 ga Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe jirgin ƙasan cikin birnin Abuja, wanda ke ɗaukar fasinja daga tsakiyar gari ya dire shi a bakin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Shi ne irinsa na farko a Najeriya. Labarin ya iso ƙauyukan Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta rediyo da wayoyin samari, aka kuma saurare shi da kunnen masu abu, domin mutanen wannan yanki ba baƙin jirgin ƙasa ba ne. Kakanninsu sun hau shi tun inda ake kira Abuja yanzu yana ƙauyukan Gwari.

Dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya kuma zirga-zirga ta kankama. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa wa rai, masaƙun Ingila na jiranta. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa: ta fi kawo kuɗi, ta fi sauƙin aiki, in shekara ta ɓaci kuma a ci ta. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Gyaɗar nan ce ta jawo dogo gabas har ya kai Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Malam Madori ma tasha ce ta raya shi. Ita ce mashigar kayan Haɗejiya, sai kantuna suka tsaya, Kwarori da Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna, jakuna da raƙuma na sauke buhuna a bakin sikeli. Ban da gyaɗa akwai fata da ƙirgi, da ƙaro, da shanun da ake lodawa zuwa Kudu. Kafin a shimfiɗa ƙarfen farko, kayan da jirgin zai ɗauka suna nan jibge suna jiransa.

Jirgin sama kuwa ya fara isowa Kano a watan Nuwamban 1925, lokacin da wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka. A 1936 aka fara jigila a filin jirgin da yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Shekaru kusan casa'in ke nan tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama suna zaune cikin gari ɗaya, tsakaninsu ba nisa, ba a haɗa su da dogo ba. Ba a ga dalili ba. Masu hawa jirgin sama 'yan kaɗan ne, kuma mai kuɗin tikitinsa ba ya rasa motar da za ta kai shi.

Yadda dogon ya lalace kowa ya sani. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka malala kwalta, manyan motoci suka kwashe kayan. Jirgin Nguru ya koma yau akwai, gobe babu. Wanda ya bi ta tsofaffin tashoshin layin zai ga awaki kwance a tsakanin ƙarafa, da mata suna shanya zoɓo a dandamalin da ake jiran jirgi a dā.

Na Abuja kuwa daga takarda ya faro. An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilarsa a 2007, ƙarshen mulkin Obasanjo, aka shafe shekara 11 kafin a buɗe. Ya ci fiye da dala miliyan 800, wanda miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Sin. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 40, da tashoshi 12 a kan layi biyu: ɗaya daga tsakiyar birni zuwa filin jirgi, ɗaya daga Idu zuwa Gbazango a Kubwa. Haɗuwarsu a Idu dabara ce mai kyau, domin daga nan jirgin Kaduna da aka buɗe a 2016 yake tashi. A lissafi, mutum zai sauka daga jirgin sama, ya shiga tarago, ya sauya a Idu, sai Rigasa, ƙafarsa ba ta taka tashar mota ba.

Da aka fara aiki sai lissafin ya ƙi fita. Tashoshi uku kacal aka buɗe wa fasinja, jirgin kuma sawu kaɗan yake yi a rana, wanda bai dace da lokacin ba sai ya nemi tasi. Wasu tashoshin an gina su a daji, ba titin da zai kai mutum. Babbar matsalar kuwa, a ganina, ita ce inda aka bi da dogon. Dubban ma'aikatan da ke cika Abuja kowace safiya daga Nyanya da Karu da Mararaba suke fitowa, ta hanyar Keffi, inda cunkoso ke cinye wa mutum awanni, kuma jirgin bai leƙa can ba. Ko Lugbe da ke kan titin filin jirgin bai samu tasha ba. An tuna da mai jakar hannu da zai tashi zuwa Legas, aka manta da masinja da mai gadi da mai sayar da abinci, alhali su ne masu hawa kullum.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka tsayar da shi. Tsayuwar ta kai shekara huɗu, ɓarayi suka yi ta yanke wayoyi da kayan sigina, rance kuma ba ya jiran jirgi ya tashi. Sai ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, bayan ministan Abuja Nyesom Wike ya sa an gyara abin da aka lalata, an kuma yi tituna zuwa tashoshin. Aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar. Titunan nan da aka yi daga baya, tun farko ya kamata a fara da su.

Alhazanmu suna da abin kwatance da suka gani da idonsu. Tun 2010 akwai jirgin da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, a 2018 kuma aka buɗe jirgin Haramain mai gudu tsakanin Makka da Madina, wanda daga baya ya samu tasha a filin jirgin saman Jidda. Can ba a neman fasinja, taro ya riga dogo zuwa, kamar yadda gyaɗa ta riga shi zuwa Nguru.

Kano ma ta yi nata mafarkin. A 2016 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sa hannu a yarjejeniyar jirgin cikin gari ta dala biliyan 1.85 da wani kamfanin Sin, aka yi ta ka-ce-na-ce a kan nauyin bashin, aikin bai tashi ba a zamanin mulkinsa. To amma ko da ya tashi, wahalar mutumin ƙauye ba tsakanin birni da filin jirgi take ba. A ɗauki dattijon da zai tafi Umra daga wani ƙauyen Ringim. Da asuba ɗan acaɓa zai fito da shi bakin titi, jakarsa a kan tanki. Ya jira ƙaramar mota ta cika, biyu a gaba huɗu a baya, buhun gero a but. Ya sauka a 'Yankaba, ya yi ciniki da mai a-daidaita-sahu. Wannan zangon na ƙarshe shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Jigawa kuwa tana da filin jirginta a Dutse tun 2014, zamanin Sule Lamido, sai dai lokacin jigilar alhazai ne ake ganin cikarsa.

Abin da ya fi shafar ƙauye shi ne manyan layuka biyu da aka aza harsashinsu a 2021: na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A majalisun garuruwan da aikin ya ratsa, zancen bai cika kaiwa filin jirgin sama ba. Ana maganar diyyar gonaki, da inda shanu za su tsallaka in dogo ya yanke burtali, da ko tashar za ta zo kusa da kasuwa, da ko za a samu taragon riɗi da zoɓo zuwa Dawanau.

Mutanen layin Nguru kuwa tasu tambayar daban ce. Sabon dogon faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon da Turawa suka bari kuma 1,067. Taragon da ya taso daga Maraɗi ko Kaduna a kan sabon ba zai iya hawa tsohon ba. Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa duk a kan tsohon suke, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a hanyar sababbin layukan biyu.