Sakakkun kwak a cibiyar taurarin nutiron

Sakakkun kwak wani yanayi ne da masana fiziks suke hasashen abu yana shiga idan matsi ya kai inda ƙwayoyin furoton da nutiron, waɗanda su ne suka haɗu suka zama tsakiyar ƙwayar zarra, ba za su iya ci gaba da zama daban-daban ba, sai ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsu, waɗanda ake kira kwak, su fito su gauraya wuri guda. A sararin samaniya na yau, wurin da aka fi kyautata zaton matsi zai iya kai wa wannan matsayi ba tare da abin ya rufta ya zama baƙin rami ba, wato wurin da ko haske ba ya iya tserewa daga jan nauyinsa, shi ne cibiyar taurarin nutiron. An fara tattauna batun tun tsakiyar shekarun 1960, kuma har yanzu ba a yanke hukunci a kansa ba, ko da yake awon da aka yi daga shekarar 2010 zuwa yau ya rage faɗin abin da ake jayayya a kai ƙwarai.

Tauraron nutiron

Tauraron nutiron shi ne abin da ke saura bayan babban tauraro, wanda nauyinsa ya kai aƙalla ninki 8 na nauyin Rana, ya ƙone makamashinsa ya fashe, irin fashewar da ake kira sufanoba. Nauyin mafi yawansu yana wajen ninki 1.4 na nauyin Rana, amma faɗinsu bai wuce kilomita 20 zuwa 26 ba. Daga waje akwai ɓawo mai kaurin kimanin kilomita 1, a ƙarƙashinsa kuma akwai ruwan nutiron mai ɗauke da ƴan furoton da ilektiron. Cunkoson abu a wannan sashe ya kai na tsakiyar ƙwayar zarra, wato kimanin tan miliyan 270 a cikin ɗan dunƙulen da kowane gefensa santimita 1 ne. A can cibiyar taurarin da suka fi nauyi, ana ƙiyasta cunkoson ya ninka wannan sau 5 ko fiye, kuma a nan ne tambayar kwak take tasowa.

Kwak da ɗaurinsu

Kwak iri 6 ne, amma 3 ne kawai suka shafi wannan batu: kwak na sama, kwak na ƙasa, da baƙon kwak, wanda ya fi sauran biyun nauyi. Furoton ya ƙunshi na sama 2 da na ƙasa 1, nutiron kuwa na sama 1 da na ƙasa 2. Wasu ƙwayoyi da ake kira gulon su ne suke ɗaure su, kuma ɗaurin yana da wata siffa ta daban, domin ƙarfinsa ba ya raguwa idan aka yi ƙoƙarin raba kwak biyu, shi ya sa ba a taɓa kama kwak shi kaɗai a ɗakin gwaji ba. Idan kuwa aka kusanto da su sosai, ɗaurin sai ya sassauta. Nutiron da aka cusa a cibiyar tauraro suna iya zama kamar tumatirin da ke ƙasan kwando, wanda nauyin na sama ya fasa fatarsa har ruwan wannan ya haɗu da na wancan, ba a iya cewa ga na wane.

Tarihin hasashen

James Chadwick ya gano nutiron a 1932 a Kambirij ta ƙasar Ingila. Wasu marubuta suna danganta farkon tunanin tauraron nutiron ga Lev Landau na Tarayyar Sobiyet, sai dai bisa ga dukkan alamu ya rubuta takardarsa a 1931, kafin a san nutiron, kuma abin da ya kwatanta shi ne tauraron da ya dunƙule ya zama tamkar tsakiyar ƙwayar zarra guda. Walter Baade da Fritz Zwicky ne suka ambaci tauraron nutiron ƙarara a wani taro a ƙarshen 1933, aka buga bayanin nasu a 1934. A 1939 Robert Oppenheimer da George Volkoff, bisa aikin Richard Tolman, suka lissafa iyakar nauyin da irin wannan tauraro zai iya ɗauka, suka samu kimanin 0.7 na nauyin Rana. Adadin ya yi ƙasa da yawa domin ba su sa ƙarfin da ke tsakanin nutiron da ɗan'uwansa a lissafin ba, amma hanyar da suka bi ita ce ake bi har yau: a ba da alaƙar matsi da cunkoso, lissafi ya fitar da nauyi da faɗin tauraron.

A 1960 Viktor Ambartsumian da Gurgen Saakyan suka nuna cewa a irin wannan cunkoso wasu ƙwayoyi masu nauyi da ake kira haifaron za su iya bayyana, wato cibiyar ba lallai ta zama nutiron zalla ba. Murray Gell-Mann da George Zweig suka gabatar da ra'ayin kwak a 1964, kowa a nasa ɓangaren. Abin lura shi ne yadda masana taurari suka yi saurin ɗaukar ra'ayin: a 1965, tun kafin a ga tauraron nutiron ko ɗaya, kuma tun kafin mafi yawan masana su yarda cewa kwak abu ne na zahiri, Dmitri Ivanenko da D. F. Kurdgelaidze suka rubuta a kan yiwuwar tauraro mai cibiyar kwak. Jocelyn Bell da Antony Hewish suka gano fulsa ta farko a 1967, wadda daga baya aka gane tauraron nutiron ne mai juyawa da sauri yana harbo siginar rediyo. A 1970 Naoki Itoh na Japan ya lissafa yadda tauraron kwak zalla zai iya tsayuwa.

Hasashen ya samu ginshiƙi na gaske a 1973, lokacin da David Gross da Frank Wilczek, da kuma David Politzer shi kaɗai, suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa ɗaurin kwak yana sassautawa idan suka kusanci juna, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2004. Shekaru biyu bayan wannan, John Collins da Malcolm Perry suka kafa hujja da shi cewa abu mai matsanancin cunkoso dole ya koma kwak masu yawo kusan a sake. Hujjar tasu tana nan daram. Abin da ba ta faɗa ba shi ne a wane cunkoso ne rikiɗar take aukuwa, kuma wannan gurbin shi ne aka shafe kusan shekara 50 ana ƙoƙarin cikewa.

Wani reshe na tarihin ya fi ban mamaki. Arnold Bodmer a 1971, sannan Edward Witten a 1984, suka kawo yiwuwar cewa gaurayen kwak na sama da na ƙasa da baƙo, kusan kashi ɗaya-ɗaya, ya fi tsakiyar ƙwayar baƙin ƙarfe ƙarancin makamashi, alhali ita ce ake ɗauka a matsayin mafi kwanciya a cikin abubuwan da aka sani. In haka ne, da zarar ɗan wannan gauraye ya samu a cikin tauraron nutiron, zai iya cinye tauraron gaba ɗaya ya mai da shi irinsa. Edward Farhi da Robert Jaffe suka faɗaɗa lissafin a 1984, a 1986 kuma ƙungiyoyi biyu, ta Charles Alcock da Farhi da Angela Olinto, da ta Paweł Haensel da abokan aikinsa, suka bayyana siffofin irin wannan tauraro na baƙon kwak. Ba a tabbatar da wannan hasashe ba, ba a kuma rushe shi ba.

A 1992 Norman Glendenning ya nuna cewa ba lallai ne a samu kaifiyar iyaka tsakanin nutiron da kwak ba, domin ana iya samun yanki mai faɗi inda biyun suke zaune a cakuɗe. A ƙarshen shekarun 1990 Mark Alford da Krishna Rajagopal da Wilczek suka farfaɗo da wani tsohon tunani na shekarun 1970, cewa kwak masu sanyi a babban cunkoso suna haɗuwa biyu-biyu su gudana ba tare da tirjiya ba, irin abin da ilektiron ke yi a wasu ƙarafa idan an sanyaya su matuƙa.

Inda lissafi ya tsaya

Ka'idar da ke bayanin kwak da gulon sananniya ce, kuma an gwada ta sau da yawa. Matsalar ita ce warware ta a yanayin sanyi da cunkoso. Hanyar da ake bi da manyan kwamfutoci tana aiki da kyau idan zafi ne ya yi yawa, kuma da ita aka gano cewa a wajen digiri tiriliyan 2 furoton da nutiron suna narkewa a sannu, amma idan cunkoso ne ya yi yawa hanyar tana rushewa saboda wata matsala ta lissafi da har yanzu ba a shawo kanta ba. Don haka masana suna da tabbaci a bakin iyaka biyu kawai. Daga ƙasa, lissafin nutiron abin dogaro ne har zuwa kusan ninki 1 zuwa 2 na cunkoson tsakiyar ƙwayar zarra. Daga sama, lissafin sakakkun kwak yana zama abin dogaro daga wajen ninki 40. Cibiyar tauraron nutiron ta faɗo ne a tsakanin biyun.

Akwai kuma wata wahalar da Alford da abokan aikinsa suka fito da ita a 2005: tauraro mai cibiyar kwak yana iya samun nauyi da faɗi iri ɗaya da tauraron nutiron zalla, ta yadda awon waɗannan biyu kaɗai ba zai bambance su ba.

Abin da awo ya nuna

An daɗe ana ɗauka cewa bayyanar kwak za ta tausasa cibiyar tauraro, ta rage nauyin da zai iya ɗauka. A 2010 Paul Demorest da abokan aikinsa, da na'urar rediyo ta Green Bank a Amurka, suka auna nauyin fulsa mai suna PSR J1614−2230 ta hanyar jinkirin da siginarta ke samu idan ta wuce kusa da tauraron da ke zagayawa tare da ita, suka samu kimanin ninki 1.97 na nauyin Rana, adadin da aka ɗan rage daga baya. Awon 2013 ya ba PSR J0348+0432 kimanin 2.01, sannan PSR J0740+6620, wadda awon 2021 ya ba ta kimanin 2.08. Waɗannan awon sun kawar da tsare-tsaren lissafi masu yawa, na kwak da na haifaron, amma ba su kawar da kwak masu ƙarfin tura juna ba.

Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka kama igiyoyin jan nauyi, wato girgizar da ke ratsa sararin samaniya idan manyan abubuwa suka yi karo, daga karon taurarin nutiron biyu a tarin taurari na NGC 4993, mai nisan kimanin shekarun haske miliyan 130. Siginar ta nuna cewa taurarin ba sa lanƙwasuwa sosai a ƙarƙashin jan juna, wanda ke nufin rabin faɗin tauraro mai nauyin 1.4 bai wuce kimanin kilomita 13.5 ba. A wannan shekarar aka kafa na'urar NICER mai lura da taurarin nutiron a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kuma awonta ya nuna cewa rabin faɗin PSR J0740+6620 yana tsakanin kilomita 12 da 14, kusan daidai da na taurarin da ba su kai ta nauyi ba.

Wata ƙungiya da ke da cibiya a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, wadda ta haɗa da Eemeli Annala da Aleksi Kurkela da Aleksi Vuorinen, ta haɗa waɗannan awon da iyakokin lissafin guda biyu, ta zana dukkan hanyoyin da za a iya bi daga wannan iyaka zuwa waccan. Ɗaya daga cikin ma'aunan da suka dogara da su shi ne saurin tafiyar sauti, domin a cikin sakakkun kwak yana karkata zuwa kimanin kashi 58 cikin 100 na saurin haske. Sakamakonsu na 2020 ya ce taurari masu nauyin 1.4 sun yi daidai da nutiron, amma waɗanda suka fi kowa nauyi suna nuna halin kwak a cibiyarsu, matuƙar saurin sauti a cikinsu bai tashi ya kusanci na haske ba. A 2023 suka ƙiyasta yiwuwar hakan da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Ya kamata a riƙe cewa wannan ƙiyasi ne da ya dogara da zaɓin da aka yi wajen tsara lissafin, kuma wasu ƙungiyoyi sun samu sakamako mai rauni fiye da haka. Sauran kason ya ƙunshi yanayin da rikiɗar take zuwa farat ɗaya da ƙarfi, har tauraron ya rufta ya zama baƙin rami da zarar kwak sun fara bayyana.

Taurarin da aka yi zato a kansu

A 2002 aka gabatar da RX J1856.5−3754 da tauraron da ke cikin 3C 58 a matsayin taurarin kwak, na farko saboda ƙanƙanta, na biyu saboda sanyi. Bincike na baya ya samar musu bayani na yau da kullum. Ƙaramin abin da ke cikin wani karo da aka kama igiyoyin jan nauyinsa, wanda ake kira GW190814, mai nauyin kimanin 2.6, ana saɓani a kan ko tauraro ne ko baƙin rami. A 2022 aka ba da rahoton cewa tauraron da ke cikin ɓurɓushin sufanoba mai suna HESS J1731−347 yana da nauyin kimanin 0.77 kawai, wasu suka ce na baƙon kwak ne, wasu kuma suka ƙalubalanci awon.

Gwaji a doron ƙasa da na'urori masu zuwa

Na'urar RHIC da ke Brookhaven a Amurka, wadda ta fara aiki a 2000, da LHC ta cibiyar CERN kusa da Jeneba, sun samar da sakakkun kwak na ɗan ƙanƙanin lokaci ta hanyar karo da ƙwayoyin zinariya da dalma, sai dai wannan yanayin mai zafi ne, irin na farkon samuwar sararin samaniya. Ana gina cibiyar FAIR a Darmstadt ta Jamus domin matsawa zuwa ɓangaren cunkoso. Na'urorin igiyoyin jan nauyi da ake shiryawa, Einstein Telescope a Turai da Cosmic Explorer a Amurka, ana sa ran za su iya jin girgizar da ke biyo bayan karon taurarin nutiron, wadda bugunta ke kai dubbai a daƙiƙa guda, kuma lissafi ya nuna cewa rikiɗa mai ƙarfi zuwa kwak za ta ɗaga yawan wannan bugu.