Keta: Tarun Da Ya Fitar Da Anlo Bakin Teku

Tun daga Nuwamban 2021, lokacin da igiyar ruwa ta afka wa yankin Keta a jihar Volta ta Ghana ta raba dubban mutane da gidajensu, muhawarar ba ta lafa ba. Wasu na cewa a tsawaita katangar duwatsun da ke kare gaɓa daga teku, wasu na cewa a kwashe mutanen a kai su tudu. Masu cewa a kwashe su na magana ne kamar Anlo, al'ummar Ewe da ke zaune a yankin, sun wayi gari kawai suka ga kansu a bakin teku.

Tarihin farko sananne ne. Kakanninsu sun taso daga Notsie da ke Togo ta yau, hijirar da ake tunawa da ita duk Nuwamba a bikin Hogbetsotso a Anloga. Turawan Denmak sun gina ganuwar Prinzenstein a Keta a 1784, suka sayar wa Ingila a 1850. Madatsar Akosombo kuwa, da aka kammala a 1965, ta tare yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa. Yawancin masu sharhi nan suke tsayawa. To amma ai teku ya fara cin Keta tun wajen 1907.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne taru. Anlo mutanen cikin ƙasa ne tun asali, da suka iso kuma tafkin Keta suka riƙa: kamun kifi a ruwa marar zurfi, ɗibar gishiri in tafki ya janye. Teku na gabansu, amma ba shi ke ciyar da su ba. A tsakiyar ƙarni na 19 aka shigo da babban tarun ja, wanda har yau suke kira yevudor, wato tarun Bature. Kwale-kwale ne ke fita da shi ya zagayo, a bar igiyoyi biyu a gaɓa, maza da samari gommai su jera suna ja suna waƙa na tsawon sa'o'i, mata na jira da kwanoni domin su saya su kai wurin banda. Mai taru ya ɗauki kasonsa, sauran a raba.

Irin wannan aiki ba a yin sa daga nesa. Taru na son hannaye da yawa da kuma gaɓa mai yashi, saboda haka gidaje da murhun banda da dukiya duk suka taru a kan siririn zirin rairayin da ke tsakanin teku da tafki. Kwakwa ce madogararsu ta biyu, ita ma cutar da ta ɓulla a garin Woe da ke yankin a 1932 ta bi gonakin ta ƙarar. Da aka buɗe tashar jiragen ruwan Tema a 1962, jiragen kaya suka daina tsayawa a Keta. Kasuwa ta yi sanyi, taru kaɗai ya rage musu.

Katangar da aka gama a 2004 ta ceci tsakiyar Keta, ba musu, sai dai cin gaɓar ya matsa gabas, wajen Agavedzi da Salakope. Daga yamma kuma, kusa da bakin Volta, ƙauyen Fuveme ya kusa shafewa. Ganuwar Prinzenstein na nan, ɓangarenta na gefen teku ya daɗe da ruftawa cikin ruwa.