Shin Kowace Ƙasa Ita ke Kula da Jiragen da ke Ratsa Samanta?

Mutane da yawa sun ɗauka jirgi yana tsallake iyaka sai ma'aikatan ƙasar da ya shiga su karɓi jagorancinsa. Sau da yawa ba haka ba ne. Tun 1959 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, mai hedikwata a Dakar, ke yi wa ƙasashen Afirka da dama wannan aiki a haɗe, har da Nijar, Chadi da Kamaru. Jirgin da ke saman arewacin Kamaru, daga N'Djamena, babban birnin Chadi, ake masa jagora.

Wannan bai taɓa 'yancin kowa ba, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe ta tabbatar wa kowace ƙasa mallakar samanta. Aikin kawai aka haɗa. Shi ya sa a Agustan 2023 Nijar ta iya rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa zagayawa.