Gardamar Gwarzon Ƙwallon Ƙafa: Pele, Maradona, Messi da Ronaldo

Gardamar gwarzon ƙwallon ƙafa ita ce musun da masoya wasa ke yi kan wanda ya fi kowa a tarihin tamaula. A Gusau da Ƙaura Namoda, gidan kallo ne dandalinta: allo a ƙofa an rubuta wasannin dare da alli, janareta na ruri a baya, benci cike da matasa, da an tashi wasa kuma sai musu ya koma teburin mai shayi. Sunaye huɗu ne suka fi yawo a baki.

Pele ɗan Brazil (1940–2022) shi kaɗai ne ɗan wasan da ya ɗauki kofin duniya sau uku, a 1958 da 1962 da 1970. Yana ɗan shekara 17 ya zura biyu a ragar Sweden a wasan ƙarshe na 1958. Kusan duk ƙuruciyarsa a Santos ya yi ta, ƙungiyar da ta zo Legas ta buga wasa a 1969.

Diego Maradona (1960–2020) kofi ɗaya ya ɗauka, na 1986 a Meziko, amma kamar a kafaɗarsa ya ɗauko Ajantina. A karawa da Ingila ya ci ɗaya da hannu, bayan 'yan mintuna ya kwaso ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya yi ta yanke 'yan baya har da mai tsaron gida. Ya ba Napoli kofin gasar lig ta Italiya (Serie A) a 1987 da 1990, ƙungiyar da ba ta taɓa ɗanɗana shi ba kafin zuwansa. Wasansa na ƙarshe a rigar ƙasarsa da Najeriya ya buga shi, a Amurka a 1994: Samson Siasia ya fara ci, Ajantina ta rama ta yi nasara 2-1, sannan gwajin ƙwaya ya kama Maradona aka sallame shi daga gasar. Dattawan da suka kalli wannan wasa har yau suna ba da labarinsa.

Matasa kuwa Lionel Messi da Cristiano Ronaldo suka sani ido da ido. Messi ɗan Ajantina yana da kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, wato Ballon d'Or, guda takwas, ya ci ƙwallo 91 a shekarar 2012 kaɗai, ya ɗaga kofin duniya a Katar a 2022. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa tun 2005, lokacin da ya ci fenariti biyu a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20, duk da cewa a gasar kofin duniya ta 2014 Ahmed Musa ya mayar masa da biyu kamar yadda ya ci biyu. Ronaldo ɗan Portugal yana da Ballon d'Or biyar, kofin zakarun Turai biyar, da kofin nahiyar Turai na 2016, kuma ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin ƙasa da ƙasa na maza.

Inda masu musu ke yawan yin tuntuɓe shi ne ƙirga Ballon d'Or. Wannan ma'auni bai yi wa na da adalci ba, domin kafin 1995 'yan Turai kaɗai ake ba kyautar, Pele da Maradona ba su ma shiga takara ba a zamanin da suke tashe. Shekarar da aka buɗe ƙofar, George Weah na Laberiya ne ya lashe ta, kuma har yanzu shi kaɗai ne ɗan wasan wata ƙasar Afirka da ya taɓa samunta.